Ranar da Kakana Ya Kira Sunan Ɗan Farinsa

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, a kakar shekarar da ta biyo bayan shigowar jirgin ƙasa Zariya, yaron mai unguwa ya yi sallama a zauren gidanmu a Samaru. Ni ina tsakar gida an sa ni gadin surfen dawa da aka shanya a tabarma, hannu ɗaya yana korar kaji, ɗayan yana taɓa haƙorina na gaba da ke girgiɗi, don a lokacin na fara famfara. Mazan gidan suna ta shigo da dammunan dawa daga gona suna jinginawa a jikin rumbu. Su uku ne: kakana, wanda muke ce wa Tsoho ko a gaban idonsa, da mahaifina, ɗansa na fari, sai Audu, ɗan ƙanin Tsoho, maraya ne da ya tashi a hannunsa tun yana rarrafe. Da na ji baƙuwar murya sai na bar kaji da rabonsu, na lallaɓa na liƙa ido a hudar zana. Saƙon gajere ne. An ce kowane gida ya fitar da namiji ɗaya mai ƙarfi, za a tafi da su aikin shimfiɗa layin jirgi, gobe da sassafe a hallara a ƙofar mai unguwa. Diban gwamna ake ce wa abin, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce a'a ya zauna lafiya ba.

Audu saurayi ne a lokacin, ƙato, bai yi aure ba, yana ɗaukar damin da ya gagari maza yana waƙa. Mahaifina kuwa tun tsakiyar damina tari ya kama shi, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito, ga uwata da ƙaramin ciki. Duk wanda ke zauren ya san wanda ya kamata ya tafi, har Audu da kansa ya miƙe yana karkaɗe ƙaiƙayi daga rigarsa. Tsoho bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Zauna, Audu. Wancan zai je." Wancan ɗin ubana ne. Ubana ya ce to, ya fita ya ci gaba da kwaso dawa kamar an aike shi kasuwa ne.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A zamaninmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana wurin. Uba ma haka. Ana yaye shi ake ba wata gwaggo ta riƙe, in ya girma ya dawo gida ya shiga gandu, ya zauna da iyayensa kamar baƙon da ake jin nauyinsa. Ni kaina 'yar fari ce, shi ya sa na tashi a ɗakin kakata Iya, matar Tsoho. A gidanmu babu bakin da ya isa ya furta sunan ubana. Tsoho da Iya "wancan" suke cewa, ko "yaron nan". Uwata "maigida" take cewa, don mace ba ta kiran sunan miji. Audu ya ce "Yaya", ni in ce "Baba". Abokansa da ke kiran sunan a gona da bakin kasuwa suke kira, inda ƙafata ba ta kaiwa. To da aka zo neman mutum ɗaya, tunanin Tsoho bai tsaya kan wa ke da lafiya ba. In ya ba da Audu, gari zai ce ya ɓoye nasa ya miƙa maraya, kuma ya tona wa kansa asiri cewa yana son ɗan farinsa. Wannan ya fi ƙarfinsa. Na tsufa ina juya maganar nan a raina, har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, alhali babu mutumin da na so a duniya kamar tsohon nan.

Kada a ɗauka mai taurin zuciya ne. Wallahi ban ga namiji mai taushin hali irinsa ba. Iya kaɗai ya aura tun suna da ƙuruciya, abokansa suna masa tsiya suna ce masa mijin ta-ce, shi ko a jikinsa. In ya taso daga gona sai ya biyo ta kurmi ya ɗauro mata itace, ya ajiye a bayan murhu kamar wani ne ya manta da shi a wurin. Shekarar da gwiwarta ta kumbura shi ya riƙa ja mata ruwa a rijiya kafin maƙwabta su fito, don kada a yi da ita a ce ta mai da miji bawa. In ya samu goro sai ya raba, ya ba ni rabin in kai mata in ce tsinta na yi. Ni kuwa "amarya" yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Ya ɗanɗana tuwon ƙasa da na tuƙa a sakaina ya yamutsa fuska ya ce babu gishiri, sakina zai yi, ni kuma in murguɗa baki in ce dama wa zai zauna da tsoho mai furfura har a kunne. Son da suke wa ubana ma yana nan, a ɓoye yake tafiya. Gayaunar da ta fi kowace albarka, wadda ke bakin fadama, ita Tsoho ya ba shi, yana cewa ai wurin duk tsakuwa ne, babu mai so. Fartanyar ubana kullum a wase ake tarar da ita da safe, ba a san mai wasawa ba. Iya kuma in ta zuba abincin maza sai ta tura tsoka ƙarƙashin tuwo a gefe ɗaya, ta rufe da miya, ta koya mini yadda zan ajiye akushin don gefen nan ya fuskanci inda ubana ke zama.

Washegari ubana ya zo ya durƙusa nesa da ƙofar ɗakin Iya ya yi mata sallama. Tana tsintar auduga a faifai, ba ta ɗago ba, ta ce wa audugar, "Allah ya tsare." A zaure Tsoho ya juya fuska ga bango yana jan tazbaha, ya ce a sauka lafiya. Sai da ubana ya fita Iya ta zaro ƙullin dakuwa daga ƙarƙashin gado, ashe tun jiya ta daka, ta danƙa mini ta ce, "Ruga ki kai wa masu tafiya." Masu tafiya suna da yawa a ƙofar mai unguwa, amma na san ko na wa ne. Ubana ya karɓa bai dube ni ba, don shi ma kunyata yake ji. Sai da hankalin mutane ya koma kan mai ƙirga su, na ji tafin hannunsa a kaina, da zafi kamar na mai zazzaɓi, ya ɗan daɗe kafin ya ɗauke. Suka kama hanya a jere, kowa da tabarmarsa a ka.

Aka ɗura dawa a rumbu, aka tsinke auduga, sanyi ya shigo ya fita. Ni ina ta harkata ta yara. Da safe allo, da hantsi in kora awaki bakin rafi, mu jefi tsamiya, mu zauna mu yi carafke har gwiwa ta yi fari, da yamma in riƙe wa Iya zare tana kaɗi. Ba a ambaton matafiya a gidanmu. Amma na lura Tsoho ya sauya wurin zama, ya bar cikin zaure ya koma kan dakalin waje inda ake hango hanya, ya ce wai cikin ya cika cinnaku. Da bazara ta kama mutanen garinmu suka fara dawowa, sun yi baƙi wuluk, tafin hannu duk kanta. Babu ubana a cikinsu. Suka ce tarin ya ci ƙarfinsa a can wajen duwatsu, aka ɗora shi a taragon kaya tare da sauran marasa lafiya aka mayar da su tashar Zariya, su a zatonsu ya daɗe da isowa gida. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ce to, ya tambaye su ko an fara hadari a can. Audu ya ɗauki sanda zai tafi nema a take, Tsoho ya hana, don a kwanakin duk ƙaton da aka gani a bakin tasha kama shi ake yi a sa shi aiki. Shi kuma uba ya tashi takanas ya ce zai je neman ɗan farinsa, ba a taɓa ji ba. Sai da yamma ana cin tuwo ya ɗaga murya yadda Iya za ta ji daga ɗaki, ya ce, "Gobe zan kai amarya ta ga jirgi, ta ishe ni da naci." Ni ban taɓa roƙonsa ba.

Ya ɗora ni a jaki, shi yana tafe a ƙasa, muka bi gefen rafin Kubanni, dutsen Kufena yana hannunmu na dama. Duk tsawon hanyar nan bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Sabon Gari, inda tashar take, a lokacin ba ta zama gari ba tukuna. Bukkokin zana ne a jere layi-layi kamar an ja da igiya, da 'yan rumfunan kwano masu ƙyalli, da mutane iri-iri da ban taɓa gani ba, Yarbawa da Nufawa da mutanen bakin teku masu wando ɗamamme, kowa yana ihu da yarensa, wasu suna karya wani irin Turanci a tsakaninsu. Ko'ina warin hayaƙin kwal. Da kan jirgin ya yi kuka sai jaki ya zabura, ni kuma na ƙanƙame wuyan Tsoho na ce a mai da ni gida, na gani, ya ishe ni. Ya ɗaure jakin a gindin wata ɗorawa, ya kama hannuna muka shiga cikin leburori. Duk inda ya tsaya sai ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce, "Ko kun ga wani yaro daga wajenmu, dogo, siriri, yana tari?" Wani ya yi dariya ya ce, "Baba, duba mana, wane ne nan ba siriri ba, wane ne ba ya tari? Yaya sunansa?" Da an zo kan suna sai Tsoho ya yi godiya, ya ja ni mu yi gaba.

Rana ta take muka zauna a inuwar rumfar wata Bayarabiya mai koko da ƙosai, babbar mace mai fara'a, ta ba ni ruwa da ƙosai ba a roƙe ta ba. Ita ce ta nuna mana wata doguwar rumfa a hayin layin jirgi, an kewaye ta da zana, mai gadi yana zaune a ƙofa da kulki. Ta ce nan ake ajiye marasa lafiyan da aka dawo da su, ba a barin kowa ya shiga don tsoron cuta, ita kaɗai ke kai musu koko. Ta ce, "Faɗa mini sunansa, Baba, in shiga in kira." Ina kallon fuskar Tsoho. Leɓɓansa suka motsa, amma sunan bai fito ba. Ta ce, "Ɗanka ne?" Ya ce, "Yaron wajenmu ne." Sai ta juyo gare ni ta tambaye ni sunan wanda muke nema, na ce sunansa Baba. Ta shafa kaina ta ce duk wanda ke ciki baban wani ne. Can Tsoho ya ce ta taimaka ta tambaya ko akwai mutumin Samaru. Ta goge hannu ta tsallaka layi ta shiga, muna tsaye a rana muna kallon zanan. Ta fito ta ce ta yi cigiya daga wannan bango zuwa wancan, babu wanda ya amsa. Tsoho ya sa mata albarka, muka kwance jaki muka juya.

Da muka iso gida Iya tana bakin murhu. Ta dubi bayan jaki, ta dubi bayanmu, ta mai da ido kan tukunya. Ta ce, "Kin ga jirgin?" Na ce na gani. Ta ci gaba da iza wuta. Daga ranar abinci ya daina shiga cikin Tsoho, akushi ya fita a cike ya dawo a cike, Iya ta karɓa ta rufe. Uwata tana ɗaki tana kuka a hankali da cikinta, ita ma ba ta isa ta tambayi suruki ba. Gida ya yi tsit, ko turmi in ana daka sai ka ji kamar ana jin kunyar ƙararsa. Kasuwa ɗaya ko biyu ta ci a haka. Wata safiya Iya ta kawo wa Tsoho koko da kanta, abin da ba ta saba ba, don ni ce 'yar aike. Ta ajiye, ta tsaya tana duban katanga, ta ce, "An ce jirgin nan ba a gane shi da gani ɗaya." Tsoho ya dube ta, ita ba ta dube shi ba. Ya tashi ya kwanto jaki, kokon ma bai sha ba.

A wannan zuwan bai tsaya gaishe da kowa ba. Ya ja ni muka ratsa leburori, muka tsallaka layin jirgi, muka nufi rumfar nan kai tsaye. Mai gadi ya miƙe da kulki. Tsoho ko kallonsa bai yi ba, ya yar da sandarsa a ƙasa, ya dafa zana da hannu biyu. Ban taɓa furta sunan nan da bakina ba, amma tun da a bakinsa na fara ji, bari in faɗa yadda ya fito. Ya buɗe murya ya ce, "Haruna!" Muryar ta fashe kamar ba tasa ba. Ya sake. "Haruna! Ni ne! Haruna, ka amsa!" Masu dako suka tsaya da kaya a ka, mai gadi ya sauke kulkinsa. Tsoho dattijo ne mai furfura da rawani, wanda ko tsawa bai iya yi wa akuya ba, ga shi yana kururuwa a bainar jama'a kamar wanda gidansa ya kama da wuta. Ni ina riƙe da gefen rigarsa, a ranar na san sunan ubana. Daga cikin rumfar babu abin da ya dawo sai tarin wasu mutane.

Sai ga mai kokon nan da gudu, ludayi a hannunta. Ta ce, "Haruna? Wayyo Allah, Baba, Haruna kake nema?" Ta durƙusa a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ta ce kwanakin baya ya cika, wasu mahauta Hausawa suka yi masa sutura suka kai shi bayan gari. Tsoho ya yi tambaya ɗaya. Ya ce, "Ranar da muka zo, yana ciki?" Na ga ta so ta ɓoye, ta dube ni, ta dube shi, ta kasa. Ta ce, "Yana ciki, Baba. Zazzaɓi ya toshe masa kunne, ba ya jin komai sai sunansa. In na ce Haruna, sai ya buɗe ido ya sha koko." Tsoho ya yi salati. Ya shiga sa mata albarka, ita da iyayenta da 'ya'yanta, yana yi yana maimaitawa kamar ya manta inda ake tsayawa. Ni na ɗauko masa sandarsa. Ta raka mu maƙabartar, sababbin kaburbura ne a jere ba alama, ita kanta ba ta tabbatar da wanne ba ne. Sai Tsoho ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana wa kowanne addu'a. Ban ce da ya kira sunan a zuwan farko ubana zai rayu ba, kwana na Allah ne. Amma da ya buɗe ido ya san an zo nemansa.

A zaman makoki Iya ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ita ce mai shimfiɗa wa baƙi tabarma, ita ce mai duba dakan gumba, in an ce mata "ya haƙuri" sai ta amsa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Mata suna ta yaba ta, wai kai, Iya akwai kunya, akwai kawaici, irinta sun ƙare. Wallahi ko a lokacin ina yarinya na ji kamar in watsa musu toka. Kunyar me? Matar da ta ɗauki cikinsa, ta yi naƙudarsa, a ce ba ta da ikon ta ce wayyo? Da aka watse, dangin uwata suka tafi da ita gidansu ta ƙarasa takaba ta haihu a can. Ni aka bar ni a ɗakin Iya, ina ganin yadda take zama da faifai a cinya tun safe, hatsin da ke ciki ba ya raguwa.

Ana gab da faɗuwar damina, wata safiya Tsoho ya ce kowa ya fita sharar gonar nesa, Audu da ni da gwaggon da ta zo taya Iya zama, har abincin rana a tafi da shi, kada wanda ya dawo sai yamma. Ba mu yi nisa ba ƙaya ta soke ni a dunduniya, gwaggo ta ce in koma. Na dawo ina ɗingishi, na tarar da Tsoho zaune a bakin zaure ya gitta sanda a ƙofa. Daga cikin gida wani sauti yake fitowa, da farko na zaci akuya ce ke haihuwa. Sai na gane muryar Iya. Kuka take yi da iyakar ƙarfinta, tana buga ƙasa, tana kiran abin da ba ta taɓa kira ba. Na yi zumbur zan shiga, Tsoho ya riƙo ni ya ce, "Ba kowa a gidan, amarya. Zauna nan." Ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya zaro allura daga hularsa. Ƙayar ta fita tun da wuri, amma ya ci gaba da duba wurin, kansa a sunkuye, ina jin ɗumin ruwa yana ɗiga a ƙafata. Wata maƙwabciya ta zo ɗibar wuta, ya ce mata matar gidan ba ta nan. Ƙaryar da na taɓa jin ya yi wa wanda ba ɗan gida ba ke nan. Ashe gadi yake yi, don matarsa ta yi kukan ɗanta ba wanda ya ji balle ya ce ta yi rashin kunya. Tun daga shekarar, duk lokacin sharar gona akwai yini ɗaya da ake kwashe gidanmu kaf, har bayan Audu ya yi mata da 'ya'ya, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Allah ya ja kwanan Tsoho sosai. Ya ga an kafa gonar gwamnati a Samaru, ya ga mota, ya ga Sabon Gari ta cika ta batse har bukkokin nan sun zama soraye da kantuna, amma bai ƙara taka ta ba. Shi ya aurar da ni, ya ƙi ba da ni nesa, ya ce amaryarsa ba za ta wuce inda zai ji ƙarar turminta ba. Shi ya yi wa Audu aure ya danƙa masa gandu, kuma ranar da Audu ya kuskura ya ce da ma shi ya tafi, Tsoho ya daka masa tsawar da ba a san yana da ita ba, ya ce kada ya ƙara ji. Cikin da uwata ke ɗauke da shi namiji ne, aka mayar masa da sunan uba, muka riƙa ce masa Mai-suna. Da aka yaye shi aka kawo shi hannun Tsoho, shi ya koya masa huɗa da alwala da yadda ake ɗaure dami. Da ciwon ajali ya kama Iya, shi ya riƙa ɗaga ta yana ba ta kunu da ludayi, ya kori masu cewa aikin mata ne. Bayan ta rasu ya ƙara wasu shekaru masu yawa, idanu suka tafi, haƙora suka tafi, 'ya'yan jikokinsa suna hawa bayansa suna ja masa gemu.

A shekarunsa na ƙarshe ne abin ya kwance. Yana zaune a zaure a kan buzu, duk namijin da ya yi sallama sai ya ɗaga kai ya ce, "Haruna ne?" Baƙi su ji nauyi su sunkuyar da kai, 'yan gida su ce a yi haƙuri, tsufa ne, ruɗewa ta zo. Ni ban yarda ruɗewa ce ba, don ya san sunan kowace gona da iyakarta, ya san ranar kowace kasuwa. Mai-suna a lokacin magidanci ne da 'ya'yansa. Wata rana ya shigo daga gona, Tsoho ya yi tambayar da ya saba, maimakon ya ce Mai-suna ne sai ya durƙusa ya ce, "Na'am, Baba, ni ne." Tsoho ya lalubo kansa da hannu biyu, ya shafa fuskarsa, ya ce, "Ka ji lokacin da na kira ka?" Ya ce ya ji. Tsoho ya ce, "To, alhamdu lillahi." Haka suka riƙa yi kullum har ranar da aka fitar da shi daga zauren.

Yanzu ina zaune a Sabon Gari wurin jikana, ba nisa da tasha, kukan jirgi ma ya daina tashina. Jikan nan nawa yana saɓa ɗan farinsa a wuya ya zaga unguwa da shi, matarsa ta tsaya a ƙofar gida ta ƙwala wa yaron kira da sunansa na yanka har a ji a layi na gaba. Da farko nakan yi tsaki in ce zamani ya lalace, ba kunya ba ta ido, don bakina ya saba. Ina kewar mutanen da, ina kewar natsuwarsu da yadda suke son mutum ba su faɗa ba, kuma da za a dawo mini da Tsoho na yini ɗaya da na ba da duk abin da na mallaka. Amma na daina tsawatar wa yaran nan. In uwar ta kira, nakan bar abin da nake yi in kasa kunne, har sai na ji yaron ya ce na'am.